Shayinka Ya Huce

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta dawo daga makaranta da sabuwar kwamfuta. Ranar Alhamis za ta yi jarrabawa ta intanet, awa uku, kyamara a kunne. Ta tambaye ni kalmar sirrin wayifai na gidan nan. Ni ina na sani? Babansu ne ya haɗa abinsa da hannunsa, kuma yau wata goma sha ɗaya da rasuwarsa. Wayata kaɗai ke shiga da kanta, ita kuma tsohuwa ce, ba ta nuna kalmar.

Talata, 4 ga Maris
Mun gwada ranar aurenmu, lambar motarsa, sunayen yara a jere. Ko ɗaya. Wadda ke liƙe a ƙasan na'urar wayifai ɗin ma ya canza ta, mutumin da ko makullin kwabet ba ya yarda da shi.
Auta ta ce mafita ɗaya ce: akwai ɗan rami a bayan na'urar, a danna shi da tsinke, komai ya goge, a sake sabon lale. Na ce har da sunan? Ta ce har da shi.
Na ce a'a.
"Shayinka Ya Huce" ya sa wa wayifai ɗin, don ya tsokane ni. Kullum da safe abin da nake faɗa masa ke nan, shi kuwa yana can yana kwance wani abu da sukuddireba. Har yau in na buɗe waya sunan nake fara gani. Har yau kuma kofi biyu nake saukewa, sannan in mayar da ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris
Ta gwada da datar wayarta, hoto yana tsayawa. Sai littafi take ta juyawa ba ta karantawa. Da rana ta ce, "Umma, ai sai mu sake rubuta sunan yadda yake." Na ce ba hannunsa ba ne. Wallahi kunya ta kama ni, babba da ni.
Bayan la'asar na hau kujera na sauko da na'urar daga saman kantar da take. Ƙura kamar me. Ba mu sami tsinke ba, na cire ɗan kunnena na danna da shi. Auta tana ƙirga goma. Fitilun suka mutu, suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya.
Ta jona kebul, ta buga wasu lambobi, shafi ya buɗe. Wurin suna fari fat. Ta turo mini kwamfutar. Na daɗe ina kallo. Da yatsa ɗaya na rubuta "Gidan Umma". Kalmar sirri kuwa na sa a takarda, na liƙa a cikin murfin kwabet, kowa ya sani.
Na yi kuka kaɗan a kicin.

Alhamis, 6 ga Maris
Awa uku tana jarrabawa, wayifai bai yanke ko sau ɗaya ba. Alhamdu lillahi.

Asabar, 8 ga Maris
Maƙwabciyata ta ce sunan nan mai ban dariya ya ɓace daga wayarta, ko lafiya? Na ce lafiya lau, gyara muka yi.
Auta ta ce mu matsar da na'urar tsakiyar falo don ta kai ɗakina. Mun matsar, ta kai.
Kofi ɗaya na sauke yau. Ban lura ba sai da na zauna. Na sha shi da zafinsa.