Ta'aziyyar Malam Na'Allah Bube, Wanda Ya Fitar da Motar da Aka Aika Ta Ɗauko Shi

Cikin alhini da sanyin jiki, tare da sallamawa ga hukuncin Mai kowa mai komai, Ƙungiyar Direbobin Mota ta Tambuwal da Kebbe, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Malami Sanyinna, Sarkin Direbobi, tana sanar da masu girma hakimai, da malamai, da attajirai, da dukan jama'a, cewa ta karɓi labarin rasuwar Mataimakin Shugabanta, tsohon soja kuma gwanin tseren mota, Malam Na'Allah Bube Kebbe, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata, ashirin ga Agusta, 1957, bayan la'asar, yana da shekara arba'in da shida. Mun ce mun karɓi labari ne don haka aka saba rubutawa. Gaskiyar magana ita ce a cikin motarmu ya cika, kusa da direbanmu, saboda haka wannan takarda ta'aziyya ce ga jama'a, kuma neman gafara ce daga mai ɗakinsa, Malama Zahara'u.

Marigayin ya koyi tuƙi a soja, ya ja motar kaya a dazukan ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, ya dawo gida da hannu biyu da ƙafa biyu da kunnen da ke jin ciwon inji tun kafin injin ya san ba shi da lafiya. Wani Bature mai sayen fatu, wanda jama'a ke kira Mai Lofe, ya gan shi ya ƙetare wani rafi da lori cike da gyaɗa ba tare da buhu ko ɗaya ya jiƙe ba, sai ya ɗauke shi abokin tuƙi a tseren da Turawa ke yi da ƙananan motoci daga bakin tekun arewa, su ratsa Sahara, su faɗo ƙasar nan. Ga waɗanda ba su san wannan sana'a ba, a taƙaice ita ce mutum ya yi gudu iyakar ƙarfinsa zuwa inda ba shi da wata bukata, a kowane zango a duba agogo a buga masa hatimi a kati, wanda ya makara a rage masa daraja. Na karanta labaran matafiya da yawa, na fatake da na alhazan ƙafa, ban ga waɗanda suka sha irin wannan wahala don hatimi kawai ba. Amma Malam Na'Allah ya riƙe ta sana'a, ya shiga sau uku, kuma duk ƙasar Sakkwato ba mu san wani da ya taɓa shiga ba sai shi.

A karo na farko sun zo na goma sha huɗu. A na biyu sun zo na tara, kuma Mai Lofe ya sha faɗi cewa da sun zo na shida in ban da sallar azahar da la'asar, waɗanda marigayin yake tsayawa ya yi a kan yashi yayin da Baturen ke tsaye da agogo a hannu yana tauna lofensa. A karo na uku su ne a gaba a lissafin kati da kusan awa biyu, sai suka iske wasu Turawa biyu, abokan hamayyarsu, motarsu ta nutse cikin rairayi har ƙofa. A dokar tseren, wanda ya kafe sai a ɗaga masa hannu a wuce. Malam Na'Allah ya taka birki. Ya kwance farantan ƙarfe huɗu masu huji da suke ɗaure a kan motarsu, ya rage wa tayoyin mutanen iska, ya shimfiɗa, ya fitar da su, aikin awa uku. Waɗanda ya fitar ɗin su ne suka zo na ɗaya. Shi ya zo na uku, aka ba shi ɗan kofin azurfa, wanda muka samu tabbacin Malama Zahara'u tana zuba daddawa a ciki. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya tambaye shi abin da yake so, bai nemi komai ba sai farantan nan huɗu.

Da su ya yi wa wannan ƙungiya hidima shekara huɗu. Duk wanda ya bi hanyar Tambuwal zuwa Kebbe da damina ya san Kwarin Gawo, mil huɗu kafin Kebbe, inda laka ke cin mota kamar an yi mata alkawari. Babu direbanmu da bai taɓa kafewa a nan ba, babu kuma wanda ya fita ba da hannun marigayin ba. Shi ya kawo dokar farko ta littafin ƙungiya, ni na rubuta ta da alƙalamina: direban da ya ji an kafe, ya zo. Kalma takwas ce, na yi alfahari da gajartarta a lokacin. Da tafiya ta yi tafiya dokar ta ƙara gajarta a bakin direbobi, ta koma saƙo guda da ake ba duk wanda ya nufi Kebbe: a faɗa wa Na'Allah mun kafe. Ba wanda ya taɓa durƙusawa kusa da shi ya koyi yadda ake shimfiɗa farantan. Mukan tsaya a inuwar gawo mu yaba.

Ranar Litinin saƙo ya iso cewa ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi kwana biyar, numfashi yana yi masa wuya. Shugaba ya zaɓi lori mafi lafiya cikin goma sha ɗaya da muke da su, aka shimfiɗa katifa a bayanta, aka ba Malam Ɗan'iya, direba mai hankali, ya tafi ya ɗauko shi zuwa asibitin Sakkwato. Da hantsin Talata, cikin ruwa, motar ta kafe a Kwarin Gawo. Wani makiyayi ya zo wucewa zuwa Kebbe, Malam Ɗan'iya ya ba shi saƙon da bakinsa ya saba. Ya rantse mana, yana kuka, cewa nufinsa a sanar da iyalin su ƙara haƙuri, mota na tafe. Mun gaskata shi, domin kowannenmu ya duba ransa ya ga abin da zai faɗa ke nan. Makiyayin kuwa mutum ne mai amana, ya tsaya a ƙofar gida ya isar da saƙon da ƙarfi, kamar yadda aka ba shi.

Maƙwabta sun shaida mana cewa Malama Zahara'u ta tare ƙofar zaure da jikinta, ta roƙe shi don Allah da Annabi, ta ce motar nan fa dominsa aka aiko ta, ba shi aka aiko domin motar ba. Ya jingina da bango har numfashinsa ya dawo, ya ce mata: "Ni nik kawo dokag ga, Zahara'u. In ban tai ba, wa za ya zuwa?" Aka ɗora farantan a kan takarkari, aka ɗora shi a kan farantan, mutumin da ya ratsa Sahara cikin kwanaki ya yi mil huɗu cikin awa biyu, ruwa na dukansa.

Ya sa aka rage iska, ya nuna inda za a tona, da ya ga an shimfiɗa farantin farko a karkace ya sauka cikin lakar ya gyara da kansa. Ya hau ya kama sitiyari, ya fitar da motar a giya ta biyu, ya juya kanta Tambuwal. Sannan ya matsa gefe ya bar wa Malam Ɗan'iya mazaunin direba, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ƙi katifar, ya ce shi ba kaya ba ne. Malam Ɗan'iya ya ce maganarsa ta ƙarshe tsiya ce, wai tuƙi yake yi awa mai ɗauke da ƙwan sarki, ya taka mana. Ya taka. Mil uku kafin Tambuwal ya ji kan malam ya kwanta a kafaɗarsa.

An yi masa sutura a Tambuwal, domin ruwan da ya biyo baya ya sake rufe kwarin, kuma wanda zai buɗe shi, shi ne a cikin makara. Iyalinsa ba su ga gawarsa ba. Ƙungiya ta zauna ranar Alhamis, ta ƙara wa dokar farko kalma uku: ban da majinyaci. An ɗaga hannu ba wanda ya ƙi, na rubuta, ko da yake duk mun san marigayin bai taɓa buɗe littafin ba, kuma ko ya buɗe ba tawada ce za ta zaunar da shi ba. Abin da muke iyawa ke nan, mun yi.

Zuwa ga Malama Zahara'u, da ɗansa Lauwali, da ɗiyarsa Fatsuma, da yayansa Malam Sambo, da dukan mutanen Kebbe: Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya fitar da shi daga kowace wahala kamar yadda ya fitar da bayinsa, ya ba ku haƙuri da dangana. Malama, saƙonki ya iso ta bakin mai tallan goro, cewa a bar farantan a gindin gawo, kada a sake aikowa gidanki. An bar su. Ba ki ce kin yafe ba, ba mu kuma da bakin da za mu matsa miki, roƙo kawai muke yi.

Ya kamata Shugaba da dukanmu mu zo mu durƙusa a zaurenki. Mun gwada ranar Asabar da mota biyu, duka suna Kwarin Gawo yanzu, farantan na jingine kusa da su. Wannan takarda da ƙafa za ta iso miki.

Malam Ladan Na'iya,
Magatakarda kuma Kakaki,
Ƙungiyar Direbobin Mota ta Tambuwal da Kebbe,
a madadin Shugaba, Alhaji Malami Sanyinna, Sarkin Direbobi.
Tambuwal, 26 ga Agusta, 1957.