Abin da Majigi Ya Bari a Gidana

Haɗeja, daren Laraba, watan Safar

Barci ya ƙi zuwa. Shekaranjiya ni na bi gida-gida ina roƙon a bar yara su je kallon majigi, saboda aminina Habu, mai yi wa 'yan kallo bayani da lasifika, ya rantse mini noman shinkafa kawai za a nuna. Shinkafar ba ta jima a bango ba sai aka sako wani fim na Turawa suna naushin juna, Habu kuwa yana ta zuga: "Ba shi a baki! Ƙara masa!" Yara sai shewa.

Yau da la'asar a bakin kogi, ɗana Sale ya fasa wa ɗan maƙwabcina baki. Yaron da ko akuya bai taɓa duka ba! Uban ya kawo mini ɗansa jina-jina, ya ce, "Malam, ga noman shinkafarka."

Na je na sami Habu, wai dariya ma na ba shi. "Haba aboki, hoto ne fa."

Hoto? An ce Sale yana dukan yana ihu, "Ƙara masa!" Hannun dai na ɗana ne, amma muryar ta Habu ce.