Hannun da Kurkur Ya Rina

Mbok, mahaifiyata,

Gaisuwa daga Singafo. Ya gwiwar taki, ya jikokinki? Ni lafiya lau, sai dai al'ada ta fara ɗauke mini, kullum da yamma sai cikina ya kumbura suntum. Har uwar ɗakina ta ce, "Warsini, ba dai ciki ba ne?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mbok, wane haɗin magani kike dafa wa mata masu irin wannan matsalar? Kurkur da citta da tsamiya kawai na tuna. Kin so koya mini, na ce ba zan goyi kwalaben magani irin naki ina talla da hannu rawaya ba.

Jiya na daka kurkur. Na daɗe ina kallon hannuna, naki ne sak. Ki yafe mini.

'Yarki,
Warsini