Katako Ɗari da Arba'in Babu Lamba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da 'yar tawa. Ni dai ga ni nan, jiki ya yi laushi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Kin san tun farko ban so wannan aiki ba. Shekara ashirin ina kula da aikin gini, abin da na sani shi ne a kawo katafila ta rushe tsohon gini cikin kwana biyu, a kwashe ɓaraguzai, a fara sabo. Ke kika zo da bincikenki na digiri, wai kada a zubar da komai, kayan tsohon gini su koma cikin sabo. Da ƙyar na shawo kan hukumar makarantar nan. Mako bakwai muka yi muna kwance tsohon sitonsu da hannu, ƙusa bayan ƙusa, don a rufe sababbin azuzuwa da katakonsa.

Injiniyan da kika turo ya auna katakon rufi guda ɗari da arba'in da na'urarsa. Casa'in da shida lafiya lau. Sauran kuwa gara ta cinye cikinsu, ta bar bayan kamar ba a taɓa ba. Ya sa wa kowanne lamba, ya shigar a littafi. Na ce a yi da fenti, kika ce a'a, da alli, fenti yana ɓata katakon da za a sake amfani da shi. Na ce to a ware marasa kyau, kika ce a bar su jere yadda suka sauko sai kin zo kin ɗauki hoto. To, madalla.

Ranar Litinin hadari ya haɗu, ni kuma taro ya riƙe ni a ofis. Na aika wa tsohon kafintanmu ya shigar da katakon ƙarƙashin rumfa. Mutum ne da ba ya iya ganin katako da datti ya wuce. Kwana uku ban leƙa ba. Ashe ya tara mutanensa, sun kankare kowanne, sun goge shi sumul, sun jera su bisa tsawo. Da na je sai ya tare ni yana murmushi, wai, "Oga, zo ka ga amare!"

Auta, babu lamba ko ɗaya. Duk sun zama kama ɗaya. Yara kuma za su dawo nan da mako uku, dole su tarar da rufi.

Na gaji wallahi. Ki faɗa min yadda za a yi.

Naki,
Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gajiya ta bi lafiya. Wasiƙarka ta same ni, na karanta ta sau uku a tsaye.

Ba zan ɓata lokaci a kan wa ya yi laifi ba, ko da yake ban gane yadda manajan aiki zai yi kwana uku bai leƙa kayan aikinsa ba. Na nemi injiniyan. Na'urar ta aro ce, ta koma wurin masu ita, ba za a same ta ba sai bayan wata biyu.

Ga halin da nake ciki. Shekara huɗu ke nan ina wannan bincike. Malamina ya faɗa min ƙarara cewa in babu gini ɗaya na gaske da aka rufe da tsohon katako, duk abin da na rubuta surutu ne a kan takarda. Kwamitin da zai duba bincikena zai zauna wata mai zuwa. Sau biyu ana ɗaga min, ya ce babu na uku sai dai in sake shekara. Yaya, ban da ƙarfin wata shekarar. 'Yata ta fara kiran kwamfuta "ƙanwata" saboda kullum ita ce a cinyata.

Kafintan nan naka ya fi shekara arba'in yana aiki. Kai da kanka ka sha cewa yana gane katako da ƙwanƙwasawa. Ka sa shi ya ware masu kyau da kunnensa, a mayar musu da lambobin da ke littafi, a ɗora rufi. Kafin a ƙirƙiro na'ura ai da haka ake gini. Ba wanda zai tambaya wace lamba ce a kan wane katako.

Ban taɓa roƙonka komai a aikinka ba sai wannan. Don Allah.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na yi kwana shida ban ba ki amsa ba, ba don fushi ba ne, gwadawa nake yi.

Maganar kwana ukun da kika yaɓa min, na karɓa, laifina ne. Ban ma tsaya gardama ba, na kira kafinta na ce ya ware. Bawan Allah tun da ya gane abin da ya yi bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya ɗauki guduma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kara kunne kamar likita. Yini biyu cur. Ya yi tsibi biyu, ya dafa na dama ya ce, "Oga, waɗannan in suka karye a yanke min hannu."

Na so in yarda, Allah ya sani. Har na sa a kawo tsani. Sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na ce a zaro goma daga tsibin dama a tsaga min su da zarto in gani. Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, har na takwas, ina ta hamdala a raina. Na tara kuwa, zarto bai kai rabi ba ya burme. Cikinsa gari ne zalla, ya zubo min a kan takalmi.

Kafinta ya tsuguna ya ɗebi garin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya tattara kayan aikinsa ya fita, har yau bai dawo ba.

Ajin 'yan shekara shida za a sa a wurin nan, Auta. Yara hamsin. Ni ne zan sa hannu a takarda in ce rufi ya yi. Haba, ke ma ki duba.

Na riga na sa a kawo sabon katako, jibi za a fara ɗorawa. Tsohon ba zan zubar ba. Za a tsaga shi duka, wanda cikinsa ya yi kyau a yi benci da ƙofofi. Na san ba abin da malaminki yake nema ba ke nan, na kuma san na jawo miki shekara guda. Abin yana cina, har na kasa gaya wa Inna. Ki yi fushi da ni iya son ranki, amma rufin nan ba zan ɗora ba.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na faɗa wa malamina komai, har da abin da na roƙe ka ka yi. Ya cire sunana daga jerin bana. Sai baɗi, in da rai.

Ka aiko min da hoton katakon da ya burme da awonsa, da shi zan buɗe sabon babi. Ka kuma je gidan kafinta da ƙafarka ka dawo da shi, shi zai yi bencin.

Har yanzu ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Amma jiya da na kai 'yata makaranta, sai na tsinci kaina tsaye a bakin ajinsu, na ɗaga kai ina kallon rufi. Ban iya tafiya ba sai da malamarsu ta fito ta tambaye ni ko lafiya.

Ka huta lafiya.

Auta