Baƙuwar da Baba Ya Mayar Teku

Baba,

Ina gaishe ku. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau a Kanada. Ruwan sanyi ya ɗan tsattsaga min hannu, amma da sauƙi.

Ka ce ka kama lobsta, ƙaguwar tekun nan mai dogon jiki, tana ɗauke da ƙwai, hannunta ɗaure da roba, ka mayar da ita ruwa yadda muka saba. Haba Baba! Wa ke ɗaure wa lobstar Norway hannu a ƙarƙashin teku? Ta nahiyar Amurka ce da aka kai can sayarwa ta tsere, irinta nake wuni ɗaurewa a wurin aikina a nan. In namijin lobstarmu ne uban ƙwan, irinmu ya gauraye ke nan. In ta sake faɗawa tarkonka, ka kai ta wurin masu bincike.

Ita har ta yi miji a garinmu. Ni nan ko abokin shan kofi ban samu ba.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Sigrun