Likita Ya Ɗebi Jinina

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da Rufaida.

Ina nan Kaduna lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga. Na ci gwajin gudu, har yanzu ina cikin masu neman zama hafsan soja.

Jiya likita ya ɗebi jinina. Da ya ji daga Tungar Guru nake, ya ce, "Ka taɓa niƙa dutsen zinariya?" Na gaya masa gaskiya. Ya rubuta a takarda.

Ranar Alhamis za a kafe sunaye. In gubar dalmar da ke cikin dutsen nan tana jikina, gida zan dawo. Ki yi mini addu'a, amma kada Baba ya ji tukuna. Shi ya sa ni aikin, zai ɗora wa kansa laifi.

Ɗanki,
Lukman