Farantin Gidan Makoki

Betul, 30 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga yayata Piedade,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan gwiwar nan ta bar ki ki hau benenku na Bombay ba sai kin tsaya a tsakiya kina zagin magina ba. Mu ma lafiya lau muke, ni da surukata Sukorina, matar ɗana, sai godiyar Allah.

Wasiƙarki ta iso, da ƙunshin da kika haɗo. Na kwance na ga baƙin yadi. Na gode, Yaya, amma ga shi nan ya biyo wannan takarda ya dawo miki. Ki yi labule da shi.

Ban san sau nawa zan maimaita ba. Mutum biyar jirgin kamun kifin nan ya fita da su a watan Agusta. Teku ta dawo da huɗu, na tsaya a bakin ruwa na duba fuskar kowannensu da idona, ɗana Bostiao ba ya cikinsu. Duk wanda ya ga gawarsa ya zo ya nuna mini, ranar zan sa baƙi har ɗankwali. Ke ma kin tuna mutumin nan na hayin kogi da jirgin Larabawa ya tsinta a ruwa, ya dawo bayan wata goma sha ɗaya ya tarar an raba kayansa.

Jiya aka kunna kyandir na farko na makonni huɗun jiran Kirsimeti. Fada Kustodio ya yi wa'azi mai ratsa jiki, ya ce mu zauna a faɗake, kada mu gaji da jira. Muna fitowa ya ja ni gefe, wai in zaɓi ranar da za a yi wa Bostiao addu'ar matattu. Na ce, "Fada, yanzun nan ka gama ce mana mu yi jira. Ko wa'azin na waɗanda ba su da wanda suke jira ne?" Ya cire tabarau ya hau gogewa, har na bar wurin bai gama ba.

Ba shi ne ya fi ɓata mini rai ba, maƙwabciyata Inasin ce. Kin san al'adarmu, gidan da aka yi rasuwa a shekarar ba ya hura wutar kayan zaƙin Kirsimeti, ba ya rataye tauraro, maƙwabta ne ke kawo masa faranti a rufe ranar jajibiri. To, Inasin ta leƙo ta katanga da muryar nan tata ta 'yan jinya, wai kada in wahalar da kaina bana, matan coci sun raba aiki, gidaje biyar za su kai wa. Na ce mata huɗu ne, ta koma ta sake ƙirgawa. Ranar da na miƙa hannu na karɓi farantin nan, Yaya, ranar na binne ɗana da kaina a gaban gari. Ba zan karɓa ba. Gobe zan sa a sauko mini da kwakwa, in yi kayan zaƙina da kaina.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Ermelinda

Betul, 14 ga Disamba, 1987

Yaya Piedade,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata sanyin bana bai taɓa ƙirjin maigidanki ba. Faɗanki ya iso, shafi uku cif. Kin ce ina sa mutane su yi da mu. Da ma suna yi, gara in ba su abin kirki su tauna.

Tauraron yana sama. Ni na fere gorar, na manna jar takarda, na sa aka ɗaure shi a kan bishiyar mangwaron da ke fuskantar bakin kogi, inda duk jirgin da ya shigo sai ya gani. Ya ɗan karkace, Bostiao zai yi mini dariya, amma fitilar cikinsa tana ci. Jiya da aka kunna kyandir na uku, mai ruwan hoda, na je coci da rigata mai furanni na zauna a bencina na kullum. Matan da ke bayana suka yi ta gyaran murya kamar sun haɗiyi ƙayar kifi. Na ɗaga murya a waƙa har mai kiɗa ya waiwayo.

Amma akwai abin da ya faru ranar Asabar, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Mun ɗora dodol, alewar nan tamu ta Kirsimeti, tun da safe a bayan gida. Madarar kwakwa ashirin, mazarƙwaila, garin shinkafa. Kin san aikin, awa huɗu ana tuƙi ba ɗagawa, kuma shekara goma Bostiao ne ke riƙe muciyar. Bana sai muka yi karɓa-karɓa ni da Sukorina. Da ta miƙo hannu za ta karɓe ni, sai na ga yatsunta baƙi ƙirin har cikin farce. Na ce gawayi ne? Ta karɓi muciyar ta ci gaba da tuƙi. Na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ta, na tarar da shuɗiyar rigarta ta zuwa coci a shanye bayan ƙofa. Ta rine ta baƙa.

Na fito da ita a hannu. Na faɗi maganganu, Yaya. Na ce ashe ta ƙosa, na ce ko akwai wanda ke jiran ta gama ne. Allah ya gafarta mini wannan, don yarinyar nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Ba ta saki muciyar ba. Tana tuƙi ta ce, "Mama, ke kina da ƙarfin jira, ni nawa ya ƙare. Matan su huɗun nan suna da kabarin da za su je su yi kuka, kowa ya ce musu sannu. Ni in na yi kuka a gidan nan sai na toshe baki da matashi, don kada ki ce na kashe shi. Wata huɗu ke nan, ko mutum ɗaya bai ce mini sannu ba, saboda suna tsoronki."

Shekara uku tana gidana ban taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka ba. Sai na ce ta kula gindin tukunyar yana kamawa.

Dodol ɗin ya yi kyau, yana ƙyalli. Tun ranar muna cin abinci a tebur ɗaya, ba mai kallon wani. Ban canza ra'ayi ba, kada ki yi saurin murna. Ɗana yana da rai har sai an nuna mini akasin haka. Sai dai maganarta ta tsaya mini a wuya, ko carbi na ɗauka sai in rasa inda na tsaya.

Ki sa mu a addu'a, amma kada ki rubuto mini wasu shafi uku.

Taki,
Ermelinda

Betul, 26 ga Disamba, 1987

Yayata abar ƙauna,

Barka da Kirsimeti, ke da dukan gidan. Allah ya maimaita mana, ya ƙara miki lafiyar ƙafa. Na san kin ƙagu ki ji, to ga yadda aka yi.

Ranar Talata na je furta zunubi wurin Fada Kustodio. Na faɗi abin da na yi wa Sukorina. Ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya fara lallaɓowa da zancen miƙa wuya ga nufin Allah. Na ce, "Fada, zunubin bakina na kawo maka, ban kawo maka ɗana ba." Ya yi ajiyar zuciya ya yanka mini addu'o'in tuba, kuma ina jin ya ƙara mini a kan ƙa'ida.

Da na dawo na ɗauko rigar nan daga inda na jefa ta. Rinin bai kama da kyau ba, duk dabbare-dabbare, yarinyar ba ta san ana zuba gishiri ba. Na sake rina ta da kaina, na goge, na ajiye mata a kan gado. Da la'asar na ji kukanta daga ɗaki, da ƙarfi, babu matashi. Na zauna a bakin murhu na bar ta ta yi. Ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar kukan nan ba, kuma ban shiga na hana ta ba.

Ranar jajibiri da hantsi sai ga su. Inasin a gaba da faranti an rufe shi da farin ƙyalle mai saƙa, mata uku a bayanta, duk sun tsaya nesa da matakala kamar gidan akwai kare. Ashe sun yi shawara su zo ko da zan kore su. Na fito da rigata mai furanni. Inasin ta fara, "Ermelinda, don Allah kada ki..." Na ce ta dakata. Na kira Sukorina, ta fito cikin baƙi.

Na ce, "Ga mai farantinku. Ku ba ta a hannunta, ku yi mata sannu da kyau, kun daɗe kuna riƙe da ita."

Suka rufa a kanta su huɗu, aka yi ta kuka a kan matakalata. Ni ina tsaye. Da suka lafa na shiga na fito da nawa farantin, dodol yanka goma sha biyu, na ɗora wa Inasin a hannu. Ta dube shi ta dube ni, ta ce ai gidan makoki ba ya bayarwa. Na ce, "Wannan daga ɗakina ya fito. Makoki yana wancan ɗakin." Daga baya ta ɗauki yanka ɗaya ta ci a tsaye, ta ce mazarƙwailar ta yi yawa. Ƙarya take, kin san hannuna.

Jiya mun tafi coci tare, baƙi da furanni a benci ɗaya, kowa ya kalla ya ƙoshi. Sukorina ta roƙi a yi addu'ar matattun bayan sabuwar shekara. Na ce ta je, mijinta ne. Zan raka ta har ƙofar coci in jira ta a waje.

Farantinsu yana kan tebur, tana ci kaɗan-kaɗan, har ta fara yi mini tayi. Ban taɓa ba, ba kuma zan taɓa ba. Rabon Bostiao na yanka masa daga tsakiyar tire, inda ya fi so, na rufe a gwangwani. Dodol ba ya wuce kwana goma sha biyar. Idan wannan ya lalace zan sa a sauko da kwakwa in tuƙa wani.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki har kullum,
Ermelinda